Abin da Na Zubar a Bokitin Dakta Zuhra

A Tamanrasat aka fara cuta ta, kuma da Hausa aka yi cutar. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau.

Kwana tara ke nan da barina Tanut a bayan kamiyo, babbar motar kaya, a kan buhunan lalle, ƙafafuna sun kumbura don zama. A farkon shekarun tamanin ne, ina saurayi mai jin kansa, da takardar bursu, wato tallafin karatu, ta zuwa koyon aikin labo, ɗakin gwaje-gwaje na likitan dabbobi, a wani birni can arewacin Aljeriya. Tikitin jirgin da aka yi mini alkawari ya maƙale a wani biro, wato ofis, lakwal ɗin kuwa, makarantar da zan shiga, ta rubuto cewa wanda bai iso ba kafin ƙarshen wata, gurbinsa na wani ne. Shi ya sa na bi ta ƙasa, ta Agadas, ta Arlit, ta cikin rairayin da ba a ganin ƙarshensa.

Ina tsaye a tashar Tamanrasat ina raba ido, sai wani mutum mai farar riga tas ya ji na yi wa kaina magana da Hausa. Ya buɗe hannuwa kamar ya tsinci ƙaninsa da ya ɓata.

"Kai! Ɗan Damargu a nan? Daga ina?"

Na ce daga Tanut.

"Yo ai gida ne! Ni ɗan Gangara ne. Kawo jakar nan in sa maka a gaban mota kusa da direba, kai ka je ka ci abinci. Baƙo ba ya wahala ina tsaye."

Na miƙa masa jakar har da godiya. Bargona na ciki, da rigar sanyin da na saya a Damagaram, da kilishin guzuri. Na ci abincina a natse, na dawo, ba mutum ba jaka. Takarduna kaɗai suka tsira, don innata ta ɗinke su a cikin aljihun rigar da ke jikina, abin da na yi ta yi mata gunaguni a kai.

Wani Buzu dattijo mai suna Agali ne ya same ni zaune a gindin katanga na rasa abin yi. Mutumin kwarin Tarka ne, babban farin nan na shekarun saba'in ya cinye masa garke, yana hanyar In Sala neman aikin ƙarfi. Da na ba shi labari bai yi dariya ba, ko da yake na ga gefen rawaninsa na motsi.

"Ka tambaye shi rijiyar da suke sha a Gangara?"

Na ce a'a.

"To gaba ka riƙa tambaya. Tashi mu sha shayi."

Kwana uku muka yi tare a bayan wata motar. Bargonsa ɗaya, ya yage shi biyu da wuƙa ya ba ni rabi, ba tare da ya dube ni ba. A In Sala ya sauka, ya ɗaga mini hannu sau ɗaya, ya juya. Ban sake ganinsa ba, kuma ban san sunan mahaifinsa ba balle in nemi danginsa. Rabin bargon nan shi ya kai ni Gardaya, daga can na hau bas zuwa arewa.

Birnin da na isa a kan duwatsu yake, ga sanyi mai shiga ƙashi, ga ruwan sama a lokacin da a wurinmu ko gajimare babu. Larabcinsu ba irin na makarantar allo ba ne, Faransancinsu kuma gudu yake. A biro daraktan lakwal ya dubi rigata da rabin bargona, ya dubi takarduna, ya ce na makara da kwana biyu, amma zai karɓe ni a kan gwaji. Wata uku. In malamar labo ta ce na iya, in zauna shekara uku. In ta ce ban iya ba, hanyar da ta kawo ni tana nan.

Ya tambayi sana'ar mahaifina don cika takarda. Na ce ɗan kasuwa ne.

Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, don a kasuwa yake yini. Amma Babana mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci. Tun ina ɗan shekara bakwai nake tsaye a gefen teburinsa a kasuwar Tanut ina kore ƙuda, a shekara goma ya ba ni wuƙa. A lakwal yara suna toshe hanci in na wuce, ko da na yi wanka sau biyu. Na yi karatu da haƙori cije don in fita daga fawa, kuma da na ƙetare hamada na yi niyyar ba wanda zai ƙara jin ƙarnin nama a sunana. Ina faɗa yanzu ina jin kunya, amma haka zuciyata take a lokacin.

Malamar labon ita ce Dakta Zuhra. Mace ce 'yar siririya, gashinta ya fara furfura, tabaranta kullum a rataye a wuya. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma yabo. In ka yi aiki daidai sai ta ce, "Na gaba." In ka ɓata sai ta cire tabarau ta dube ka, kai da kanka ka fara faɗin laifinka. Ban taɓa ganin mutum mai tsare gaskiyar aiki kamarta ba. Ta taɓa zubar da aikin mako guda nata na kanta don ta yi shakkar lambar da ta rubuta a kan kwalba ɗaya.

Aikinmu shi ne a ɗauki ɗan yankin nama, a jefa shi a ruwan formol don kada ya ruɓe, a binne shi cikin kaki, a yanka shi da inji siriri har ya fi bawon albasa, a shimfiɗa a kan gilashi, a rina, sannan a duba a madubin likita. Ita kuwa duk hankalinta a kan ƙoda yake. Tana son sanin yadda ƙoda mai lafiya take komawa tabo, ta ƙeƙashe ta daina tace fitsari. Don haka tana da rago ɗaya a bayan labo wanda ta ɗaure wa hanyar fitsarin ƙodar hagu tun kafin zuwana, tana jiran tabo ya kama ta rabi. Shi ne na ƙarshe cikin dabbobin da aka ba ta izini a kansu. Wani dattijo mai sharar labo, Ammi Sa'id, shi ke ba shi ciyawa. Shi ne kuma ya kawo mini tsohuwar rigar sanyinsa a mako na biyu, ya ajiye a kan kujerata, ya yi kamar bai san zancen ba.

Ina cikin wata na uku aka yanka ragon, da safe. Dakta Zuhra ta fito da ƙodar hagu da hannunta, ta sa a faranti. Sai aka aiko tana da darasi, ɗalibai na jira. Ta dubi waɗanda ke wurin, idonta ya tsaya a kaina, don ta lura hannuna ba ya rawa da wuƙa.

"Laminu, yanka mini guda biyar sirara, ka sa a formol yanzu. Kada ka ɓata lokaci."

Na ji daɗi har cikin raina. Na ɗauki ƙodar, babban yatsana ya bi ta kanta yadda ya saba. Na ja tantanin da ke lulluɓe da ita, ya ƙi saɓulewa, ya manne yana yago nama. Na san irin wannan ƙodar. A teburin Baba, in tantani ya manne haka, za ka tarar da wurare farare masu tauri kamar jijiya, kuma dokar Baba ɗaya ce: farin nan ba nama ba ne, ba a sayar wa mutum shi. Wallahi ban yi tunani ba. Hannuna ne ya yi aikin da aka koya masa. Na bi gefen farin nan da bakin wuƙa, na feɗe shi tsaf ban bar ko ɗigo ba, na watsa a bokitin shara. Daga jan naman da ya rage na zaɓi mafi kyau, na yanka biyar masu kyan gani, na sa a kwalba. Har na goge tebur ina jiran a ce "Na gaba."

Da ta dawo ta ɗaga kwalbar wajen taga, ta juya ta. Sai ta cire tabarau.

"Ina tabon?"

Na ce, "Madam, na cire shi. Na bar miki mai kyan."

"Ka cire shi."

"Eh, Madam."

"Wata huɗu nake jiran abin da ka cire."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na duba ƙarƙashin tebur, bokiti babu. Ammi Sa'id ya riga ya kwashe zuwa wurin ƙona shara. Na fita da gudu ba riga a kafaɗa, na tarar da shi a bayan gini yana fama da ashana, iska na kashe masa wuta. Ya riga ya juye bokitinmu a kan na ɗakin fiɗa, inda ɗalibai suka yi aiki a kan tumaki uku a safiyar nan. Kitse, hanta, huhu, auduga, duk sun cakuɗe.

"Ɗana, me ka yar?" in ji shi.

Na ce, "Zamana a garin nan, Ammi."

Na durƙusa na zuba hannu biyu a ciki. Ido ba ya raba farin tabo da farin kitse a cikin irin wannan tarkace, amma yatsa na rabawa. Kitse na narkewa a hannu, jijiya na santsi, tabon ƙoda kuwa yana da gurji-gurji, ba ya lotsawa. Na riƙa latsawa ina warewa. Na san guda bakwai na yanke, don hannu ba ya manta yawan saran da ya yi. Da na sami na bakwai na ɗago, sai na ga Dakta Zuhra tsaye a kaina cikin sanyi, ban san tun yaushe ba.

"Ta yaya zan san na ragona ne?" ta tambaya.

Na ce ta zo ta gani. A labo na ɗauko ragowar ƙodar, na mayar da kowane yanki gurbinsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai haɗa fasasshiyar ƙwarya. Duk suka zauna daram. Ta sa tabarau ta sunkuya, ta daɗe tana bin layin yankan da ido. Sannan ta jefa su a formol da kanta.

"Sun yi fiye da awa ɗaya a waje. Mai yiwuwa sun lalace. Dole in gaya wa darakta abin da ya faru, don ba na ɓoye irin wannan. Za mu gani a gilashi."

Kwana takwas ake yi kafin nama ya zama gilashi. Ban taɓa ganin kwanaki masu tsawon waɗannan ba. Darakta ya kira ni ya ce in fara tunanin hanya. Abinci ya daina shiga. Ina tafe a titi sai in ga kamar ga ni na sauka daga kamiyo a Tanut, mutanen kasuwa na cewa ɗan mahaucin nan ya dawo, wai aikin nama ne ya kayar da shi. Kewar gida ta taso mini a lokacin da na fi tsoron gidan. Na yi kewar fura da nonon Fulanin Belbeji, da muryar innata, har da ƙudan teburin Baba.

A rana ta takwas da hantsi ta aiko Ammi Sa'id ya kira ni. Tana zaune gaban madubi, ba ta ɗago ba.

"Zauna. Sa idonka."

Na sa. Ta rina naman da rini biyu, lafiyayye ya fito ja, zaren tabo ya fito shuɗi. Sanyin garin da nake zagi kullum shi ya hana naman ruɓewa. A gefen dama na ga zobba jajaye jere reras.

"Waɗannan su ne 'yan bututun ƙoda, an yanka su a gicciye," ta ce. "Kowane zobe ƙwayoyin halitta ne suka riƙe juna suka kewaye rami. Su ke tsotse ruwa da gishirin da jiki ke so, su bar sauran ya fita fitsari. Me ka ga sun yi kama da shi?"

Na ce, "Tubalan bakin rijiya, Madam."

"To matsa hagu a hankali."

Na matsa. Zobban suka fara lalacewa. Wasu sun shanye, wasu bakinsu ya ɓalle. A jikin wani zobe na ga ƙwaya ɗaya ta saki 'yan uwanta, ta daina zama mai kusurwa huɗu, ta miƙe ta yi tsini gaba da baya kamar mazari, rabinta a cikin zobe rabinta a waje. Kusa da ita ga wasu masu irin siffar nan kwance cikin shuɗin zare. Na ƙara matsawa, sai shuɗi zalla, ba zobe ko ɗaya.

"Masu tsinin nan ana ce musu fibroblas, su ke saƙa zaren tabo," in ji ta. "An koya mana daga wajen bututu suke fitowa, can a tsakankani. Ni kuwa shekara da shekaru ina zargin wasunsu 'yan gida ne. Ƙwayar bututun ce da kanta, in wahala ta yi mata yawa, take barin aikin tacewa ta koma saƙa. Tana son ta ɗinke rauni ne, sai ɗinkin ya shaƙe ƙodar."

Na ce, "Ke nan kin tabbatar?"

"A'a. Gilashi hoto ne na abin da ya tsaya cik, ba ya nuna mini wa ya tafi ina. Na ga ƙwaya a bakin ƙofa, ban ga fitarta ba. Abokan aikina za su ce mafarki nake, kuma mai yiwuwa su ne da gaskiya."

Na zauna ina kallon matar nan da ta ba abu ɗaya shekarunta, ga shi a gaban idonta, amma ta ƙi ta ce ta gani sai iyakar abin da ta gani. Daga baya, bayan shekaru, na ji masana sun kama zancen nan suna ta gardama a kai, kuma ban ji an gama ba. Amma a ranar nan ni tsigar jikina ce ta tashi. Dubban ƙodoji sun bi ta hannuna tun ina yaro, ban taɓa sanin akwai irin wannan gari a cikinsu ba.

Na tambaye ta, "In sun koma saƙa, suna dawowa aikinsu?"

"Ban ga wadda ta dawo ba. Amma ban gama dubawa ba." Sai ta juyo da kujerarta. "Yanzu ni ke da tambaya. Abin da nake nema ba ya cikin jan, ba ya cikin shuɗin, yana daidai inda suka haɗu. Ɗalibaina in sun yanka, ko su faɗa wannan gefe ko wancan. Kai guda bakwai ka yanka, duk bakwai wuƙarka a kan iyakar ta bi. Ba a koyon wannan a wata uku. Wa ya koya maka?"

Na sunkuyar da kai. Na ji kunnuwana sun yi zafi.

"A takarda an ce mahaifinka ɗan kasuwa ne," in ji ta.

Na ce, "Mahauci ne, Madam. Ni ma mahauci ne. Da yatsa muke jin inda farin ya tsaya, don kada mu cuci mai saye, kada kuma mu yi ɓarnar nama."

Na jira in ga fuskar nan da na saba gani a lakwal. Sai ta jawo takarda da alƙalami.

"Shekara nawa yana yi?"

"Tun kafin a haife ni."

"Ke nan ya ga ƙodoji fiye da waɗanda zan gani har in mutu. Tambaye shi a wace dabba ya fi ganin farin nan, tsohuwa ko ƙarama, a wane lokaci na shekara, kuma ko ya ƙaru bayan shekarun fari. Ka rubuta daidai yadda na faɗa, ka ce ina gaishe shi."

Ta tashi ta ce in biyo ta biron darakta. A gabana ta gaya masa duk abin da na ɓata, ba ta rage ko kaɗan ba, har na ce shi ke nan tawa ta ƙare. Sannan ta ce, "Kansa bai san abin da ake nema ba tukuna, wannan aikina ne in koya masa. Hannunsa kuwa ba ni da wanda zai koya wa wani irinsa. Zai zauna." Darakta ya ɗaga kafaɗa ya sa hannu. A bakin ƙofa ta dube ni ta ce, "Daga yau ba ka zubar da komai sai ka tambaye ni."

A yammacin nan na rubuta wa Baba. Wasiƙuna na baya duk gaisuwa ce da ƙaryar cewa ina cikin jin daɗi. Wannan kuwa na faɗa masa komai, daga bokiti har abin da na rubuta a takardar darakta, sannan na jera tambayoyin Dakta Zuhra.

Mako bakwai amsa ta yi a hanya. Limamin unguwarmu ne ya rubuta masa da ajami, shafi biyu cur. Baba ya amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, da natsuwar da ban taɓa sanin yana da ita ba. Ya ce ya fi gani a tsofaffin tumaki da raƙuman da suka tsallake fari, musamman na wajen rijiyoyi masu ɗaci, ya kawo har sunayen rijiyoyin. Ya ce a gaishe da malama, Allah ya ƙara mata sani. Zancen "ɗan kasuwa" kuwa bai taɓa shi ba ko da kalma ɗaya.

A can ƙasan shafi na biyu, bayan an riga an rufe da addu'a, liman ya ƙara layi biyu da ƙananan baƙaƙe:

"Babanka ya ce in ƙara maka wannan. Shekara goma sha biyar kana tsaye a gefensa, ba ka taɓa tambayarsa komai ba. Ya ce in akwai saura ka aiko, yana nan."